Lissafin Rana a Mexicali

Takardar kuɗin wuta ta iso ran Talata.
Rosalba ta danne ta da gwangwanin gishiri
kamar mai danne kunama.
Ni na ɗaga.
Peso dubu huɗu da ɗari bakwai, kuɗin sanyi kawai.
Shekara talatin da ɗaya ina tuƙa bas a garin nan,
ban taɓa ɗaukar fasinja mai ci
kamar akwatin da ke gurnani a tagarmu ba.

A kashe shi? Wa zai kashe?
A watan Yuli ko mariƙin ƙofa sai da tsumma,
ƙirjin Rosalba kuma ba ya shiri da zafi.
Cikin dare ina jin numfashinta
yana hawan tudu da kaya a ka.

Sai na ɗauko fensir, na juya bayan kalanda,
na leƙa taga na ce da rana:
ke da kika daɗe kina kwana a kanmu,
bana za ki biya haya.

Jikata Itzel ta zo da wayarta da tsiwarta.
"Kaka, fara da abin da gida ke sha,
kafin ka tambayi abin da rufi zai ɗauka."
Kwana bakwai muna gadin mita, safe da yamma.
Firji, fanka, injin wanki,
duk ɓeraye ne.
Giwar tana taga.

Faifai takwas, in ji lissafi, su fuskanci kudu.
Batir fa? Ta nuna mini farashi,
na yi dariya har ta koma tari.
Ba batir.
Da rana mu ranta wa kamfani, mita ta ja da baya,
da dare mu karɓi bashinmu.

Da asuba na hau rufi, kafin ya zama tanda,
gwiwa tana ƙara, igiyar awo a haƙori.
Can na ga abin da kalanda ba ta sani ba:
itacen meskiten da Rosalba ta dasa
shekarar da aka haifi Gilberto
ya miƙa hannu, ya rufe rabin wurin.

Nemesio mai haɗa sola bai ko cire hula ba.
"A sare shi. Aikin awa ɗaya ne da zarto."
Rosalba ba ta ce uffan ba.
Ta ja kujerar roba da tsakar rana,
ta zauna a gindinsa tana ɓare wake.
Shekara arba'in da huɗu da aure,
na iya karanta wannan rubutun.

Da la'asar na dafa bangon da rana ke duka,
na janye hannu ba shiri.
Na dafa na ƙarƙashin inuwa,
ɗumi kawai, kamar goshin yaro mai barci.
Ashe tsohon ya riga mu fara aikin,
bai kuwa taɓa aiko mana da takarda ba.

Na goge. Na sake zane.
Faifai shida a kan rumfar mota, inda ba reshe.
Farin fenti a rufi.
Labule mai kauri a tagar yamma,
a toshe tsagar ƙofa inda sanyi ke sulalewa
kamar kuɗi daga yagaggen aljihu.
Biyun da suka rage, itace ya ɗauki nauyinsu.

Itzel ta latsa waya: shekara shida, ya mayar da kuɗinsa.
Shekarata sittin da takwas.
Na ƙirga a yatsu, na yi shiru.
Wanda ya dasa dabino ma ba ya tambayar kwanansa.

Ran Litinin Nemesio zai zo da tsani.
Na sa hannu, biron yana santsi don gumi.
A ɗaki akwatin yana gurnaninsa,
Rosalba tana barci, numfashi a shimfiɗe,
a waje kuma rana tana zuba, tana zuba,
ba ta san an ɗauke ta aiki ba.